Tambayoyi da amsoshi kan gano zaizayar ƙashi ga masu ciwon ƙoda da ya yi nisa

Wanda ƙodarsa ta gaza yakan sa ido ne a kan hawan jini da kumburi da ranar wankin ƙoda. Ba kasafai ake tuna ƙashi ba sai ranar da ya karye. Amsoshin da ke ƙasa na majinyata ne da masu jinyarsu, da kuma ma'aikatan lafiya da ke kula da masu ciwon ƙoda a mataki na huɗu da na biyar, har da waɗanda ake yi wa wanki.

Mece ce zaizayar ƙashi, kuma me ya haɗa ta da ƙoda?

Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ita ce ƙashi ya rasa kaurinsa da ƙarfinsa har ya riƙa karyewa a kan abin da bai isa ya karya lafiyayyen ƙashi ba: faɗuwa daga tsaye, santsi a banɗaki, wani lokaci ma tari mai ƙarfi. Ƙashi ba busasshen icce ba ne, kullum ana aiki a cikinsa. Wasu ƙwayoyin halitta suna kankare tsohon, wasu na biye da su suna shimfiɗa sabo, sannan kalsiyam da fosfet su shiga sabon ya yi tauri. Wannan rushewa da sake gini ita za mu riƙa kira sabuntawa.

Ƙoda ita ke zubar da fosfet ɗin da ya yi yawa ta fitsari, ita ce kuma ke mayar da bitamin D ya zama mai aiki, wato kalsitiriyol, wanda ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Da ta fara gazawa, sinadarin FGF23 ne ke fara hawa a jini, ya danne kalsitiriyol, kalsiyam ɗin da ke shiga jiki ya ragu. Sai wasu 'yan halittu huɗu da ke manne a bayan tayroid a wuya su ƙara sakin homon ɗin PTH. Aikin PTH shi ne ya nemo kalsiyam ko ta halin ƙaƙa, kuma rumbun da ya fi kusa shi ne ƙashi. A kan wannan kuma ga tsamin jini, ga ƙarancin homon na jinsi, ga yawan zama wuri ɗaya, ga ciwon suga da magungunan sitiroyid ga waɗanda ke shan su. A shekarar 2006 ƙungiyar KDIGO, mai fitar da ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda a duniya, ta haɗa wannan rikici na jini da ƙashi da jijiyoyi a ƙarƙashin suna ɗaya, CKD-MBD.

Me ake nufi da ciwon ya yi nisa?

Ana auna shi da ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake rubutawa eGFR a takardar gwaji. Daga 15 zuwa 29 mataki na huɗu ne. Ƙasa da 15 mataki na biyar ne, ko an fara wanki ko ba a fara ba.

Haɗarin karaya ya kai a damu da shi?

Ya kai. Masu wankin ƙoda suna karya ƙashin kwatangwalo kusan ninki huɗu na sa'o'insu da ba su da ciwon, kuma karayar takan zo musu da ƙarancin shekaru. Bayan karayar ma sun fi daɗewa a gadon asibiti, sun fi rasa ransu a watannin da ke biyo baya, da yawansu kuma ba sa komawa tafiya da ƙafarsu kamar da.

Me ya sa ba a auna su kawai yadda ake auna kowa?

Nan ne gizo ke saƙa. Ga mai lafiyayyar ƙoda, in aka ga ƙashi ya yi ƙaranci, galibi zaizaya ce, kuma maganinta sananne ne. Ga mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, ƙarancin nan guda zai iya ɓoye cututtuka huɗu da suka sha bamban.

Na farko, sabuntawa ta yi sauri fiye da kima saboda PTH ya yi yawa. Ana rushewa da gaggawa, ana gini da garaje, sabon ƙashin ba shi da tsari, ɓargo kuma ya cika da zare-zare. Wannan nau'in ya fi cin ɓawon ƙashi, wato taurin da ke waje, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasusuwan jiki. Na biyu kishiyarsa ne: sabuntawar ta kusa tsayawa cik, babu rushewa babu gini, ƙananan tsage-tsage na taruwa ba mai gyara su. Likitoci na kiransa adainamik, kuma an fi ganinsa ga tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu wanki ta tumbi, da waɗanda aka danne musu PTH da magani har ya wuce gona da iri. Na uku laushin ƙashi ne, ostiyomaleshiya: an shimfiɗa sabon ƙashi amma ma'adinin bai shige shi ba, kamar tubalin da aka jera bai bushe ba. Na huɗu gauraye ne, ga sauri ga laushi.

Duk huɗun za su iya ba da sakamako iri ɗaya a na'urar auna ƙashi. Saboda haka tambayoyi biyu ake yi wa irin wannan majinyaci, ba ɗaya ba. Ta farko: ƙashin nan yana gab da karyewa? Tarihin karaya da hoto da awon DXA, wato na'urar da ke auna yawan ma'adinin ƙashi, su ke amsa ta. Ta biyu: me ke faruwa a cikinsa? Gwajin jini ke amsa ta, wani lokaci kuma sai an gutsuro ƙashin an duba. Wanda ya amsa ta farko kaɗai ya rubuta magani, zai iya ba da abin da zai ƙara ɓata ƙashin. Wanda kuma ya ce ta biyun ta yi wuya ya naɗe hannu, ya bar majinyacin ya karye. Kuskure na biyun ya fi yawa a aikace, shi ya sa muke nanata shi.

An ce awon DXA ba shi da amfani ga masu ciwon ƙoda. Gaskiya ne?

Tsohon zance ne. Ƙa'idar KDIGO ta shekarar 2009 ta ce kada a riƙa yin awon a kai a kai ga waɗannan majinyata, domin a lokacin ba a tabbatar yana hango karaya a wurinsu ba. Bayan nan an bi sawun majinyata na shekaru, aka ga waɗanda awonsu ya yi ƙasa su ne suka fi karyewa, har a cikin masu wanki. Da aka sabunta ƙa'idar a 2017 sai aka juya: a yi awon daga mataki na uku zuwa na biyar ga mai alamun CKD-MBD ko abubuwan da ke jawo zaizaya, muddin sakamakon zai canja abin da za a yi masa. Matsayar da ƙwararrun ƙoda da na ƙashi na Turai suka fitar a 2021 ta ƙara fayyacewa, ta kawo matan da al'adarsu ta yanke da mazan da suka haura shekara 50 a matsayin waɗanda za a duba yi wa awon.

Abin da tsohon zancen ya yi gaskiya a kai shi ne, DXA ba ta faɗin nau'in cutar. Yawan ma'adini take aunawa, ba ingancin ginin ba.

Yaya ake yin awon, kuma wane shiri ake yi?

Mutum zai kwanta rigingine a kan wani shimfiɗaɗɗen tebur, hannun na'urar ya riƙa ratsawa ta samansa a hankali. Babu allura, babu ruwan hoto da ake ɗurawa a jijiya, don haka bai taɓa ƙoda. Hasken da ake amfani da shi bai kai na hoton ƙirji ba. Wajen auna gadon baya ana ɗora ƙafafu a kan wani matashi mai kusurwa huɗu don bayan ya miƙe, a auna ƙasusuwa huɗu na ƙugu, L1 zuwa L4. Wajen kwatangwalo kuma ana juya ƙafar ciki a ɗaure ta da wani maƙali don wuyan ƙashin cinya ya fito sosai. Duka bai cika wuce minti 20 ba.

Kada a sha ƙwayar kalsiyam cikin awa 24 kafin awon, sai dai a tuntuɓi likitan ƙoda tukuna idan ƙwayar ta kama fosfet ce. A cire bel da duk tufar da ke da zif ko maɓallin ƙarfe. A faɗa wa mai na'urar idan an yi wani hoto da ruwan bariyam kwanan nan, ko akwai ƙarfe a kwatangwalo ko a baya, ko akwai yiwuwar juna biyu. Mai shan lantanam, ɗaya daga magungunan kama fosfet, shi ma ya faɗa, domin yana fitowa fari a hoto, kuma in yana cikin hanjin da ya ratsa gaban gadon baya zai iya kumbura sakamakon.

Yaya ake karanta sakamakon?

Makin T yana gwada ƙashin mutum da na lafiyayyen matashi. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1994, daga −1.0 zuwa sama lafiya ne, tsakanin −1.0 da −2.5 ƙashi ya fara raguwa, −2.5 zuwa ƙasa kuma zaizaya ce. Wannan ma'aunin ake amfani da shi ga masu ciwon ƙoda ma. Ga matar da al'adarta ba ta yanke ba, da namijin da bai kai 50 ba, makin Z ake dubawa, wanda ke gwada mutum da sa'o'insa, kuma −2.0 zuwa ƙasa na nufin ƙashin bai kai na shekarunsa ba.

A riƙe wannan: wanda ya taɓa karya kwatangwalo ko gadon baya a kan ɗan abu kaɗan, ƙashinsa ya riga ya ba da shaida. Maki mai kyau ba ya goge wannan shaidar.

Me ke sa awon ya yi kuskure?

Gadon baya ne ya fi yaudara. Babbar jijiyar jini ta ciki, awota, tana kwance ne daidai a gaban ƙasusuwan da ake aunawa, kuma a jikin masu ciwon ƙoda bangonta yakan cika da kalsiyam. Hasken na'urar na ratsa jijiyar da ƙashin tare, sai ta lissafa duka a matsayin ƙashi. Haka ƙusoshin ƙashi da tsufa ke tsirowa a gefen gaɓoɓin baya, haka ma ƙashin da ya riga ya murƙushe, domin murƙushewar na matse shi ya fito kamar mai kauri. Idan aka ga makin baya −0.5 amma na kwatangwalo −2.8, kada a raba tsakani a ce da sauƙi. Na kwatangwalon za a gaskata. Idan kuma ɗaya daga ƙasusuwan baya huɗun ya zarce maƙwabcinsa da fiye da maki ɗaya, a cire shi daga lissafi a duba dalili.

Ga mai PTH da yawa, yana da kyau a ƙara da awon dantse, a kashi ɗaya cikin uku na ƙashin daga wuyan hannu, domin wurin kusan ɓawo ne zalla, kuma ɓawo PTH ke ci. Amma a auna hannun da babu fistular wanki, wato jijiyar da aka haɗa don sa allurar wanki. Hannun fistula jininsa da ƙashinsa sun canja, sakamakonsa bai wakilci sauran jiki ba.

Mutum zai iya karyewa bai sani ba?

Ƙwarai. Kusan biyu cikin uku na karayar gadon baya ba a gano su lokacin da suka faru. Ƙashin ba rabewa biyu yake yi ba, zama yake yi, gabansa ya murƙushe. Mutum ya ɗan yi ciwon baya na makonni ya wuce, ko ma bai ji komai ba, sai dai a ga ya fara ranƙwafawa, rigarsa ta ƙara tsawo.

Shi ya sa ma'aunin tsayi ke da daraja a ɗakin wanki kamar sikeli. A auna tsayi sau ɗaya a shekara, ba takalmi, dugadugai da bango. Idan mutum ya ragu da santimita 4 daga tsayinsa na ƙuruciya, ko santimita 2 tsakanin awo biyu da aka rubuta, a ɗauki hoton gadon baya ta gefe. Na'urorin DXA da yawa suna iya ɗaukar wannan hoton a zama ɗaya. Ana duba tsayin kowane ƙashi: raguwar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ƙaramar karaya ce, 25 zuwa 40 matsakaiciya, sama da 40 mai tsanani. Hoton gefen yana da wata riba ta biyu, yana nuna kalsiyam ɗin da ya taru a awota, wanda zai taimaka wajen yanke ko majinyacin ya dace da ƙarin kalsiyam.

Waɗanne gwaje-gwajen jini ake bukata?

Ginshiƙan su ne kalsiyam, fosfet, PTH, ALP (sinadarin da ke hawa in ana gina ƙashi da yawa), bitamin D da bayikabonet. KDIGO ta ba da tazara: a mataki na huɗu, kalsiyam da fosfet duk wata 3 zuwa 6, PTH duk wata 6 zuwa 12. A mataki na biyar da wanki, kalsiyam da fosfet duk wata 1 zuwa 3, PTH duk wata 3 zuwa 6. ALP sau ɗaya a shekara, ko fiye in PTH ya hau.

PTH yana magana a fili ne a gefe biyu kawai. Ga mai wanki, ana son ya tsaya tsakanin ninki 2 da ninki 9 na iyakar sama ta ɗakin gwajin. Idan iyakar 65 pg/mL ce, wato daga 130 zuwa 585 ke nan. Ƙasa da ninki biyu na karkata ga sabuntawar da ta tsaya, sama da ninki tara na karkata ga mai sauri. Tsakiyar kuwa, inda mafi yawan majinyata suke, ba ta faɗin komai ita kaɗai, domin ƙashin mai ciwon ƙoda yakan yi kunnen uwar shegu da PTH, kuma gwajin na ƙirga har da gutsattsarin homon ɗin da ƙoda ta kasa fitarwa. Ba a yanke hukunci a kan gwaji ɗaya. A jera uku ko huɗu a ga ina suka dosa, a ɗakin gwaji ɗaya, a ɗebi jinin kafin a fara wanki.

Saboda haka ake haɗa PTH da sinadaran da ƙashin kansa ke saki. A nan akwai tarko babba. Wasu daga cikinsu ƙoda ce ke fitar da su, don haka in ta gaza sai su taru a jini ko da ƙashin a tsaye yake. CTX da ostiyokalsin suna cikin waɗannan, kuma ganinsu sama a jinin mai wanki ba hujja ba ce. Waɗanda za a dogara da su su ne ALP na ƙashi, da TRAP5b, da PINP nau'in da ke auna cikakken sinadarin kawai. Inda babu su, ALP na gama-gari ma yana aiki, amma hanta ita ma tana sakinsa, sai a haɗa da gwajin hanta na GGT: in GGT lafiya lau yake, hawan daga ƙashi ya fito. A kuma tuna sabuwar karaya tana ɗaga waɗannan sinadarai na watanni.

Bitamin D da ake aunawa shi ne 25-OH, kuma ƙasa da 20 ng/mL ƙaranci ne. Bayikabonet ƙasa da 22 na nuna tsamin jini, wanda ke narkar da ƙashi a hankali. Kalsiyam kuma, idan furotin ɗin jini mai suna albumin ya yi ƙasa, lissafin gyaran da aka saba yi ba abin dogaro ba ne ga masu wanki, gara a auna kalsiyam mai yawo kai tsaye.

Yaya ake haɗa waɗannan sakamako wuri ɗaya?

A ɗauki misalin mata uku masu wanki, kowace makin kwatangwalonta −2.9. Ta farko PTH ɗinta 900 ne kuma hawa yake ta yi, ALP ya ninka iyaka biyu, GGT lafiya. Wannan sauri ne, kuma aikin farko shi ne a sauko da PTH da fosfet. Ta biyu mai ciwon suga ce, PTH 70, ALP a can ƙasan iyaka, kalsiyam na yawan hawa. Wannan ƙashin ya tsaya, sai a duba ko magungunan danne PTH da ƙwayoyin kalsiyam sun yi mata yawa. Ta uku tana kukan ciwon ƙashi ko'ina, ba ta iya tashi daga kujera sai ta dafa gwiwa, ALP sama, PTH bai taka kara ya karya ba, bitamin D 8, fosfet ƙasa. Wannan laushi ne sai an tabbatar da akasinsa. Maki ɗaya, hanya uku.

Yaushe ake gutsuro ƙashi a duba, kuma yaya ake yi?

Shi ne kaɗai gwajin da ke nuna abubuwa ukun da ake so a sani kai tsaye: saurin sabuntawa, shigar ma'adini, da yawan ƙashi. Ana neman sa idan ana zargin laushi, ko ana ta karyewa ba a san dalili ba, ko kalsiyam na hawa ko fosfet na sauka ba bayani, ko PTH da ALP sun saɓa wa juna alhali ana shirin fara magani mai ƙarfi, ko ana zargin gubar alminiyam.

Shirin yana ɗaukar kusan mako uku. Majinyaci zai sha tetirasaikilin na kwana 2 zuwa 3, ya huta kwana 10 zuwa 14, ya sake sha na wasu 'yan kwanaki, sannan a ɗauki samfurin bayan kwanaki kaɗan. Maganin yana manne wa duk inda ma'adini ke shiga sabon ƙashi, kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin wani haske na madubin likita. Sai a ga layi biyu, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙashin da aka gina a kwanakin hutun. Layuka masu yawa ko'ina sauri ne. Rashin layi kusan gaba ɗaya tsayawa ce. Layin da ya baje kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, tare da ɗanyen ƙashi mai kauri, laushi ne.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne shan ƙwayar tare da madara ko maganin kama fosfet ko na gyambon ciki. Suna kama tetirasaikilin a hanji, bai isa ƙashi ba, sai a ga babu layi a ce ƙashin ya tsaya alhali ba haka ba ne. A raba su da awanni, a kuma rubuta ainihin ranakun da aka sha, domin da su ake lissafi.

Ana ɗaukar samfurin a ƙashin ƙugu, kimanin santimita 2 ƙasa da kuma bayan tsinin da ake ji a gaba, bayan an kashe wurin da allura. Faɗinsa 'yan milimita ne. Ana zaɓar ranar da ba ta wanki ba saboda hefarin, maganin hana jini daskarewa da ake sawa lokacin wanki, a kuma duba sauran magungunan tsinka jini tun da wuri. Samfurin a cikin ruwan alkohol ake sa shi, ba a narkar da ma'adininsa kamar yadda ake yi wa sauran samfurin ƙashi, domin narkarwar na share layukan. Ɗakunan gwajin da suka iya karanta shi kaɗan ne a duniya, shi ya sa ƙa'idar 2017 ta daina ɗaura fara magani a kan sai an yi shi.

FRAX fa?

Lissafi ne da Jami'ar Shefild ta Ingila ta fitar a 2008, yana ba da yiwuwar karaya cikin shekara 10 ga 'yan shekara 40 zuwa 90. Yana tambayar shekaru, jinsi, nauyi, tsayi, tsohuwar karaya, karayar kwatangwalo ga iyaye, taba, giya, sitiroyid da makamantansu. A yi amfani da shi, amma a san ba ya tambayar eGFR, ba ya tambayar PTH, ba ya tambayar sau nawa mutum ya faɗi. Ga mai wanki, a ɗauki adadinsa a matsayin mafari.

Akwai wasu cututtukan da ke shigar burtu da zaizaya?

Wadda ba a yarda a manta da ita ba ita ce mayeloma, kansar ɓargo, domin ita kaɗai tana iya lalata ƙoda ta kuma karya gadon baya. Dattijon da ya zo da ciwon ƙoda da ba a san asalinsa ba, ga ƙarancin jini, ga ciwon baya, ga kalsiyam sama alhali PTH na ƙasa, a yi masa gwajin furotin na jini da na sarƙoƙi marasa nauyi, wato gutsattsarin furotin da kansar ke saki, kafin a kira abin zaizaya. Ga wanda ya shekara da yawa yana wanki, wani furotin mai suna bita-2 yakan taru ya huda ramuka a wuyan ƙashin cinya da wuyan hannu, hoto ne ke nuna su. Gubar alminiyam ta ragu tun da aka inganta tace ruwan wanki, amma tana nan inda tacewar ba ta da kyau ko ake shan magunguna masu alminiyam na dogon lokaci. A kuma duba tayroid, da testosteron ga maza.

Me ya sa ake wannan dogon bincike kafin magani?

Domin mafi yawan magungunan zaizaya aikinsu rage rushewa ne. Ga ƙashin da ke sauri, wannan daidai ne. Ga wanda ya riga ya tsaya, akwai fargabar ƙara daskarar da shi, a nan ne ake tunanin magani mai gina ƙashi irin su terifaratayid. Ga mai laushi kuwa kuskure ne kai tsaye, bukatarsa ma'adini da bitamin D ce.

Sannan ƙoda ce ke fitar da magungunan bisfosfonet. Takardun alendironet da zoledironet sun ja layi a tacewar 35, na risedironet a 30, don haka amfani da su ƙasa da nan shawara ce ta ƙwararru. Denosumab, allurar miligiram 60 duk wata 6, ba ta bi ta ƙoda, amma tana iya kayar da kalsiyam ƙasa warwas ga masu ciwon da ya yi nisa, musamman masu PTH da ALP sama ko bitamin D ƙasa. A watan Janairun 2024 hukumar FDA ta Amurka ta sa mata gargaɗi mafi ƙarfi a kan wannan. Kafin allurar sai an gyara kalsiyam da bitamin D, bayanta a auna kalsiyam duk mako a watan farko. Jin tsatsa a leɓe da yatsu, ko ɗaurewar tsoka, alama ce ta a garzaya asibiti. Ba a kuma dakatar da ita haka kawai, domin ƙashi na zubewa da sauri bayan an daina, har gadon baya ya karye a wurare da dama.

Binciken ya ƙare a kan ƙashi?

A'a, kusan duk karayar kwatangwalo faɗuwa ce ke kawo ta. A tambayi majinyaci sau nawa ya faɗi cikin shekarar da ta wuce. A auna hawan jininsa a zaune da a tsaye bayan wanki, lokacin da jiri ya fi kama mutane. A sa shi ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna: daƙiƙa 12 ko fiye alamar haɗari ce. Ƙarfin damƙa ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace na nuna tsoka ta zube. A duba ido, da mutuwar tafin ƙafa ga masu suga, da magungunan barci.

Sau nawa ake maimaita awon?

Bayan shekara 1 zuwa 2, a na'ura ɗaya, domin na'urori ba sa ba da adadi iri ɗaya. Ainihin nauyin ma'adinin ake gwadawa, ba makin T ba, kuma canjin da bai kai kusan 0.03 g/cm² ba yana iya zama kuskuren awo ne kawai. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ya fi asarar ƙashi a wata 6 zuwa 12 na farko, lokacin da sitiroyid ya fi yawa, don haka a samu awon mafari a kusa da lokacin dashen.

Idan babu na'urar DXA a kusa fa?

Ba a tsaya jira ba. A tambayi tarihin karaya dalla-dalla: wane ƙashi, yaushe, a kan me. A auna tsayi a rubuta. A ɗauki hoton gadon baya ta gefe, na ƙirji da na ƙugu. A ƙara da hoton hannaye, a duba gaɓar tsakiya ta manuni da ta ɗan tsakiya, ta gefen da ke fuskantar babban yatsa: in gefen ya yi kamar an ɓarje shi, aikin PTH ne. A hoton baya, ƙasusuwa masu fari sama da ƙasa da duhu a tsakiya su ma PTH suke nunawa. Siraran layuka masu duhu da suka ratsa gefen ƙashin mara ko wuyan ƙashin cinya ko haƙarƙari kuwa alamar laushi ce. A haɗa waɗannan da kalsiyam, fosfet, ALP da PTH. Na'urar da ke auna diddige da sauti ba ta maye gurbin DXA, kuma makinta ba a karanta shi da ma'aunin −2.5. Wanda hotonsa ya nuna murƙushewa matsakaiciya ko mai tsanani a kan ɗan abu kaɗan, bayan an cire mayeloma da laushi, a ɗauke shi a matsayin mai babban haɗari, a haɗa shi da likitan ƙoda da na ƙashi su tsara maganinsa tare.